Na kai Hajiya da yara Gidan Makama, ga abin da muka gani

Shekarata arba'in da 'yan kai a garin nan, a cikin badala aka haife ni, amma wallahi rabona da shiga Gidan Makama tun muna firamare da malamai suka jera mu biyu biyu aka kai mu, sai wannan hutun da ya wuce. Kuma ba wai bana bin hanyar bane, kusan duk sati sai na wuce ta gaban gidan in zan shiga Kurmi ko in zan je gaida gwaggona, in kalli katangar nan mai zankwaye in wuce abina. Abin da ya jawo zuwan namu shi ne babbar 'yata da aka ba su aikin hutu a kan Sarki Muhammadu Rumfa, na same ta da daddare tana kwafo bayani daga waya, nace mata ke kin san gidan da mutumin nan ya zauna yana nan a tsaye, kuma daga nan gidan zuwa can bai fi kuɗin adaidaita sahu ba? Ta ɗago ta kalle ni tace Abba da gaske? Wannan tambayar ce ta sa na ajiye komai ran wata Laraba na kwashe su, ita da ƙaninta, sannan Hajiya mahaifiyata da ta ji ana shirin tace ai ba za a bar ta a gida ba, tunda tsohuwar unguwarsu ce.

To ga wanda bai san gurin ba, gidan yana daura da gidan sarki ta ɓangaren Ƙofar Kudu, duk ɗan adaidaitan da ka cewa Gidan Makama ko Ƙofar Kudu zai sauke ka a bakin ƙofa. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ce ke riƙe da shi, wacce aka kafa a 1979. Kuɗin shiga ba wani abu bane, abin da na biya mana mu huɗu bai kai abin da nake kashewa in na tsaya siya wa yaran nan tsire ba. Muna shiga wani ma'aikaci dattijo ya tarbe mu, ya gaida Hajiya har da rusunawa, yace Mama sannu da ƙoƙari, a hankali za mu bi ba sauri muke ba. Kuma ya cika alkawari, kusan awa biyu muka yi yana tare da mu bai taɓa nuna ƙosawa ba, duk da autana da ba ya gajiya da tambaya.

Tun a bakin shiga akwai igwa irin ta Turawa da wasu manyan tukwane na ƙasa da aka tono, yaron nan ya liƙe a gurin igwar sai da na janye shi. Amma ni abin da ya fara kama ni ba kayan da aka jera bane, sanyin zauren ne. Lokacin bazara ne fa, irin ranar Kano da in ka taka kwalta sai ka ji takalmi na neman narkewa, muna sa ƙafa a cikin soron nan sai ka ce an zuba mana ruwa a jiki, ba fanka ba esi, kawai kaurin bango ne da tsayin rufi. Hajiya ta tsaya ta ja numfashi tace kai, ƙamshin ɗakin babana. Ƙamshin ƙasa take nufi, wanda duk wanda ya tashi a ginin ƙasa ya san shi, barin ma in an yayyafa ruwa an share. Daga nan ta ɗan yi shiru, ni ma ban ce komai ba don na san inda tunaninta ya tafi, zan zo kan wannan a gaba.

Tarihin gidan kamar yadda aka sani shi ne tun ƙarni na 15 yake, an gina shi ne don Muhammadu Rumfa lokacin yana saurayi yana riƙe da sarautar Makama, a zamanin kakansa Sarki Abdullahi Burja. Da ya hau sarautar Kano a 1463 a nan ya fara zama kafin ya gina fadar da har yau ake ce wa Gidan Rumfa, wato kenan wannan gidan ya girmi gidan sarki, abin da mutane da yawa ba su sani ba, ni ma sai a ranar na riƙe shi da kyau. Rumfa ya yi mulki har 1499, kuma in ka duba abubuwan da muke tinƙaho da su a Kano yau da yawansu da hannunsa a ciki. Shi ya kafa kasuwar Kurmi, shi ya faɗaɗa ganuwa, shi ya kawo majalisar nan ta Tara ta Kano, a zamaninsa aka fara busa kakaki da riƙa wa sarki figini da sa takalmin gashin jimina, kuma a zamaninsa Shehu Maghili ya zo Kano har ya rubuta masa nasiha a kan yadda sarki musulmi zai tafiyar da mulki. Ina kallon 'yata tana rubutawa a littafinta da sauri, irin bayanin da ta gani a waya ne dai, amma yanzu tana tsaye a cikin gidan mutumin, kuma na ga bambancin a fuskarta.

Sarautar Makama ɗin ma har yau tana nan da nauyinta, Makaman Kano yana cikin masu zaɓen sarki tare da Madaki da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun yi amfani da gidan a matsayin ofis na wani lokaci, daga baya aka raba shi, wani ɓangare ya zama makarantar firamare, wani ya ci gaba da zama gidan zama, wani kuma shi ne ya zama gidan tarihin da muka shiga. Ɗakunan nuni goma sha ɗaya ne, kowanne da abin da ya ƙunsa, kuma an tsara su ne yadda za ka bi tarihin garin daga farko, tun daga su Barbushe da Tsumburbura a Dala, zuwan Bagauda, Gijimasu da ya fara ginin ganuwa, zuwan Wangarawa da musulunci zamanin Sarki Yaji, har a gangaro jihadi da su Sarki Alwali da Sulaimanu da Ibrahim Dabo.

Ba zan bi su ɗaya bayan ɗaya ba don wasu mun wuce su da sauri, musamman inda hotuna da taswira suka fi yawa, yara ba sa jure tsayuwa a irin nan. Inda muka daɗe guri uku ne.

Na farko gurin tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari. Ka ga dai yanzu in aka ce Ƙofar Kabuga ko Ƙofar Waika ko Ƙofar Mata yaro sunan unguwa ko tashar mota yake ji, bai san cewa ƙofa ce ta gaske mai ƙyaure da ake rufewa in rana ta faɗi ba, da Sarkin Ƙofa mai riƙe da ita, in ka makara sai dai ka kwana a waje. Na matsa kusa na ƙare wa ƙyauren kallo, ƙarfe ne falle falle aka jera aka ɗinke da manyan ƙusoshi, kowace ƙusa da irin kanta don da hannu aka ƙera ta, kana ganin sawun guduma a jiki. Na tuna cewa ba daga Ingila aka kawo ƙarfen nan ba, tama aka haƙo aka narka a nan ƙasar, maƙeran garin nan suka buga. Autana yace Abba waye zai iya buɗe wannan shi kaɗai? Dattijon yace masa ai yaro mutanen da ba irin mu bane, tuwon dawa suke ci.

Na biyu ɗakin kayan yaƙi da tarihin basasa da zuwan Turawa. Akwai sulke da lifidi da kwalkwali, takubba da masu da garkuwa da bindigogin toka. Lifidin nan in ka gan shi a hawan sallah a jikin doki ado ne, amma in ka tsaya kusa da shi ka ga kaurin audugar da aka cusa a ciki sai ka gane don tare kibiya aka yi shi, kuma ka tausaya wa wanda zai sa shi a zafin Kano. A nan dattijon ya ba mu labarin basasa tiryan tiryan, yadda bayan rasuwar Sarki Bello a 1893 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello, 'ya'yan marigayi Sarki Abdullahi Maje Karofi ƙarƙashin Yusufu suka ƙi yarda suka fice zuwa Takai, Yusufu ya rasu a Garko, ƙaninsa Alu ya karɓi jagoranci ya shigo Kano, aka kashe Tukur a 1895. 'Yan uwan juna ne fa, jikokin Dabo ne gaba ɗayansu. Bayan shekara takwas kacal sai ga Turawa, a watan Fabrairu na 1903 sojojin Kanar Morland suka shigo ta wajen Kabuga alhali Sarki Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato, aka yi karon Kwatarkwashi inda Waziri Ahmadu ya yi shahada, aka kama Alu daga baya aka kai shi Lokoja inda ya rasu a 1926, Abbas kuma aka naɗa shi sarki tun a 1903 ɗin. Na ji daɗin yadda mutumin ya ba da labarin, bai zagi kowa ba kuma bai ɓoye komai ba, ga su Hajiya da suka taso suna jin kakanninsu na cewa Tukurawa da Yusufawa abin ba tatsuniya bane.

Na uku kuwa, wanda shi ne ya fi komai daɗi a ranar, ɗakin amarya. Nan Hajiya ta karɓe aikin gaba ɗaya, dattijon ma ya ja gefe yana murmushi yace Mama ai ke ce malamar a nan. Ta kama hannun jikarta tace zo nan kishiya ki ga yadda ake jere, ba irin naku na yanzu da ake cika ɗaki da katako ba. Ta dinga nuna mata tana faɗin sunan komai, wannan tasa ce, wannan faifai, wannan akushi da ake zuba wa mai gida tuwo, ga ƙwarya ga ludayi ga maburgi, ga tabarma, ta yi mata bayanin yadda ake ɗora kwanuka ɗaya kan ɗaya har su kusa taɓa rufi, da yadda 'yan uwan uwa ke kwana suna jere, da yadda mace ke sayar da tasa ɗaya in wata lalura ta taso mata ba sai ta roƙi kowa ba, wato jeren nan shi ne bankinta. Ni kaina da na girma a gabanta ban taɓa jin ta yi wannan bayanin ba. Sai ga wasu 'yan mata uku da suka shigo bayanmu sun tsaya suna saurare, ɗaya tace Hajiya don Allah maimaita na ɗauka a waya. In kana da tsohuwa ko tsoho a gida da ƙafarsa ke iya takawa, kar ka je gurin nan ba tare da shi ba, rabin abin da za ka ƙaru da shi a bakinsa yake.

Sauran ɗakunan akwai na ilimin addini da alluna da tawada da rubuce rubucen hannu, akwai na sana'o'i irin su saƙa da rini da jima da ƙira da noma, akwai na kayan kiɗa su kakaki da algaita da tambari da kalangu da goge, da hotunan sarakuna da na zamanin dalar gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. A tsakiyar gidan kuma akwai fili da ake yin wasannin gargajiya irin su koroso. Wanda yake neman irin gidajen tarihin da yake gani a bidiyo na ƙasashen waje, masu fitilu kala kala da allon da ake latsawa, to ba irinsa bane wannan, nan gidan ƙasa ne na Bahaushe, kuma a ganina darajarsa kenan.

Don ni dai in aka tambaye ni mene ne babban abin kallo a Gidan Makama zan ce ginin ne kansa. Ka ɗaga kai a cikin soro ka ga bakan gizo yadda ya taso daga bango ya lanƙwaso ya haɗu da 'yan uwansa a tsakiya, ka ga azara an jera ta a tsakani kamar saƙar tabarma, ba rodi ba siminti ba ƙusa. Azara daga itacen giginya ake fasa ta, gara ba ta cin ta, amma ba ta da tsayin da za ta haye babban ɗaki ita kaɗai, shi ya sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo, su ɗaura azara kan azara suna turo ta gaba kaɗan kaɗan suna lulluɓewa da ƙasa har baka ya haɗu. Wannan lissafi ne na gaske, injiniyanci ne, kuma mutanen da suka yi shi ba su taɓa riƙe biro ba. Irin wannan gwanintar ce ta kai Babban Gwani Muhammadu Durugu ga gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, wanda har yau masana gini ke zuwa kallo daga ƙasashe.

Bangon kuma da tubali aka yi shi, ba bulo mai kusurwa huɗu ba, tubalin hannu mai faɗin gindi da tsinin kai da ake mulmulawa a shanya a rana, a jera shi a tsaye ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa da aka tattake da ciyawa aka bar ta ta kwana biyu ta ruɓa. Gindin bango ya fi samansa kauri nesa ba kusa ba. Sannan a zo a yi yaɓe, a shafe da makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa don ruwa ya dinga zamewa, rufi kuma a dafe shi da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Duba fa yadda sana'o'in suke riƙe da juna, abin da marini ya kwashe daga gindin karofi da abin da majemi ya kankare daga fata su ne simintin magini. Sai indararo da ke fitar da ruwan rufi ya jefa shi nesa da bango, sai zankwaye a saman kusurwa.

Na tambayi dattijon nace Baba, wai wannan ƙasar da nake gani ita ce ta zamanin Rumfa? Yace Alhaji ai ginin ƙasa kamar mutum yake, kullum sai an ba shi abinci. Na gane abin da yake nufi kuma na yarda da shi. Gidan da ya haura shekara 500 ba wai an gina shi an tafi bane ya tsaya da kansa, an sha rushe wani gefe a sake tayarwa, an sha canza azara, an sha yaɓe a kan yaɓe, abin da ya daɗe shi ne gurin da fasalin da kuma hannun da bai taɓa yankewa ba, wani magini ya koya wa ɗansa shi ma ya koya wa nasa. Damina ɗaya biyu aka yi sakaci, indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi ko ya taru a gindin bango, shi kenan sai dai labari. Mutanen Djenne a Mali sun gane wannan, shi ya sa duk shekara gari ke fitowa kwansu da kwarkwatarsu a yaɓe babban masallacinsu kamar ranar sallah. Agadas ma ga ta nan a maƙota, tsohon garin ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO tun 2013 da ginin ƙasarsa da hasumiyarsa. Mu kuma ganuwar Kano da wuraren da ke tare da ita tun 2007 suke jerin jiran shiga, kuma kowa na ganin yadda badala ke ƙarewa, nan an yanka an yi shago, can an ɗebe ƙasar an yi bulo, can an mayar da ita juji. Hawan sallar Kano dai Alhamdulillahi ya samu shiga jerin al'adun duniya a ƙarshen 2024, na yi murna sosai, amma doki da rawani ana iya sake siya duk shekara, bangon da ya faɗi kuma in babu maginin da ya iya tayar da shi ya tafi kenan.

Wani kuskure da mu mutanen cikin gari muke yi da kyakkyawar niyya shi ne shafe bangon ƙasa da siminti wai don a huta da yaɓe. Na gani da idona a gidaje da yawa. Siminti ba ya kama ƙasa, kuma ba ya barin ta ta yi numfashi, danshi ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, daga waje ka ga bango sumul ga fenti, ciki kuwa ya zama gari, wata rana da daddare a tsakiyar Agusta sai dai a ji rugum. Sai a ce ai ginin ƙasa ba shi da ƙwari, alhali mu muka shaƙe shi.

Yanzu bari na koma kan shirun da Hajiya ta yi a zaure. Gidan kakana, mahaifinta, yana nan cikin gari ba nisa da inda muke tsaye, da soro biyu kafin ka shiga tsakar gida, na biyun da bakan gizo da zanen dagi a saman ƙofa, a nan yake zama da almajiransa, a nan aka ɗaura auren Hajiya, a nan aka raɗa min suna. Da ya rasu aka zo rabon gado, magada da yawa, kowa da buƙatarsa, aka yanke a sayar da ɓangaren gaba. Ni ne na wakilci Hajiya, da hannuna na sa hannu a takardar. Wanda ya siya ya kawo ɗan kwangila, cikin kwana biyu suka kwantar da sorayen nan, azarar da ta fi shekara ɗari tana ɗauke da rufi aka tara ta a gefen hanya masu tuyar ƙosai suka dinga siya suna hura wuta, yanzu shaguna huɗu ne a gurin da rufin kwano, masu shagon da kansu in rana ta take fitowa suke su zauna a waje don ba a iya zama a ciki. A lokacin ban ji komai ba, gani nake tsohon gini ne kawai an kawo ci gaba. Sai ranar nan a Gidan Makama da na ga ta ɗora tafin hannunta a bango ta yi shiru, sannan nauyin abin ya sauko min. Ba ta taɓa ce min don me ba, har yau, amma na so ace ko hoto ɗaya na ɗauka kafin a rushe.

Shi ya sa nake ganin masu aiki a gidan nan sun cancanci a yaba musu, riƙe ginin ƙasa mai wannan girma da wannan shekaru a tsakiyar gari mai cunkoso ba ƙaramin aiki bane, kuma abu ne mai cin kuɗi duk shekara ba sau ɗaya ba. Kuma ina kira ga masu hali na garin nan, Allah ya yi mana attajirai da duniya ta san su, wanda zai ɗauki nauyin yaɓen shekara ɗaya, ko ya ɗauki nauyin samari goma su zauna da tsofaffin magina su koyi ɗaurin baka da haɗa laso kafin tsofaffin su ƙare, wallahi ya yi wa Kano abin da za a daɗe ana yi masa addu'a. Don maganar gaskiya maginan ƙasa na gaske yanzu ƙirga su ake, 'ya'yansu duk sun koma bulo tunda nan ne ake samun na cefane, kuma ba za ka ga laifinsu ba.

In za ka je, ka je da safe kafin rana ta yi zafi kuma kafin gosulon cikin gari ya haɗu, ka ware aƙalla awa biyu, kar ka ce za ka zaga kai kaɗai, ka nemi ɗaya daga cikin ma'aikatan ya zaga da kai, in kun gama ka yi masa ihsani daidai ƙarfinka. Ka tambaya kafin ka ɗauki hoto. In da tsoho kuke ka kula masa da dokin ƙofa don wasu suna da tudu, wasu ƙofofin kuma sai an sunkuya, Hajiya sau biyu ta zauna ta huta kuma ba wanda ya matsa mana. Ka riƙe ruwan sha. Ka ja wa yara kunne kar su kankare bango ko su rubuta suna, ƙasa ce, farce ma yana cin ta. In da sauran ƙarfi kana fitowa ga Kurmi nan kusa, ga marinar Ƙofar Mata, ga Dala, in kuma kana da abin hawa ka ƙarasa Nassarawa ka ga Gidan Ɗan Hausa inda Hanns Vischer ya zauna, baturen da ya buɗe makarantar boko a can a 1909, shi ma ginin ƙasa ne mai kyaun gaske. Mu dai ba mu samu zuwa ba ranar don Hajiya ta gaji, mun bar shi sai wani hutun.

Da muka fito, maimakon mu nufi gida sai tace a kai ta gurin ƙanwarta, gwaggon da nake zuwa gaisarwa, wacce har yanzu take zaune a ɓangaren gidan kakana da ba a sayar ba. Akwai shigifa ɗaya da ta rage a can, ta ƙasa, rufinta ya fara yoyo ta kusurwar gabas tun bara, kuma dama ni da 'yan uwa mun gama magana cewa bana za a kwaye ta a sa kwano. Muna zaune a ciki ana gaisawa na ɗaga kai na kalli azarar, lafiyarta ƙalau, baƙa wuluk saboda hayaƙin shekaru amma ko ɗaya ba ta lanƙwasa ba. Nace Gwaggo, tsohon nan da yake muku yaɓe da muna yara yana nan kuwa? Tace yana nan da ransa, ido ne dai ya ɗan yi rauni, amma akwai jikansa da ke bin sa. Washegari na neme shi na same shi a ƙofar gidansa, na faɗa masa abin da ke tafe da ni, yace in dai ba siminti za ku sa min a kai ba zan zo, ka nemo makuba buhu biyu, katsi kuma ni na san inda zan samo, amma a yi kafin ruwan farko ya sauka. Na ba da kuɗin makubar jiya, ran Asabar za su fara, kuma na gaya wa autana zai bi ni ya ga yadda ake kwaɓa ƙasar.